Jinin Mai Haƙar Rijiya

Ana dab da kiran magariba Likita ta fito daga ɗakin gaggawa da kwalaben jini a hannu. Masinjan da ke kai su ɗakin gwaji ya tashi aiki, ita kuwa ba ta da lokacin neman wani.

Mai jinin magidanci ne, haƙar rijiya ce sana'arsa. Matarsa ce ta kawo shi, laka har cikin kunnensa. Ta ce wata tsohuwar rijiya aka ba shi yasa a bayan wani kango, abokan aikinsa suka ji shiru, suka jawo shi da igiya. Idonsa ya yi fari fat, zuciyarsa sai gudu take, amma ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Likita ta fara da abubuwan da ke saurin kisa. Ta duba suga, lafiya lau. Ta zuba ɗan jininsa a kwalba ta ajiye, ko maciji ne ya sare shi a can ƙasa. Jinin ya daskare yadda ya kamata, ba maciji ba ne. Ta haska cikinsa, babu jinin da ya taru. Saura a auna yawan jinin, da gishirin jiki, da rukuninsa, don ta san sai an yi masa ƙari.

Ɗakin gwajin yana ƙarshen wata doguwar baranda, bayan ɗakin wanki. Dattijon da ke aiki a ciki, kowa Kawu yake ce masa.

"Likita da kanta? An yi wa masinja ƙarin girma ke nan, ya koma duba marasa lafiya?"

"Kawu, bar wasa. Mutumin nan tafiya yake yi."

Ya karɓa, ya sa kwalba ɗaya a injin da ke juya jini. Ta tsaya tana jira. Da sakamako ya fito, jinin ya yi ƙasa sosai, wannan ta yi tsammaninsa. Amma da Kawu ya kai kan gishirin nan da ake kira fotasiyam sai ya cire tabarau ya goge.

"Wannan adadin, gawa kaɗai na taɓa ganin tana da shi."

"Na duba bugun zuciyarsa a na'ura, babu alamar haka. Wataƙila ƙwayoyin jinin ne suka fashe wajen ɗiba."

"Zai yiwu. To zo ki ga wannan."

Ya ɗiga jinin a kan farin tangaran, ya ɗiga masa ruwan gwajin rukuni. Rabi ya dunƙule kamar yadda aka saba. Ɗaya rabin, wanda ya fi duhu, ya ƙi. Suna kallo ya zame a hankali ya koma gefen tangaran ɗin, alhali tebur a miƙe yake.

Kawu ya rage murya. "Jini biyu ne a nan. An taɓa yi masa ƙari?"

"Matarsa ta ce ko allura bai taɓa sha ba."

"To an haɗa kwalba."

"Ni na ɗiba da hannuna."

Suka kalli juna. Ta ce za ta sake ɗebowa daga ɗaya hannun.

Ta tarar da ɗakin gaggawa ya ɗauki wani wari, irin na ruwan da ya daɗe a rufe. Matar na tsugune a gindin gado tana motsa baki. Mijin yana kwance yadda ta bar shi, ido a rufe. Likita ta goge hannunsa na dama, ta soka allura, ta fara ja a hankali don kada ƙwayoyin su fashe.

Sai ya damƙe wuyan hannunta.

Yatsunsa sanyi ƙalau, jiƙe. Idonsa bai buɗe ba, leɓɓansa ma da kyar suka motsa, amma muryar ta fito ƙasa-ƙasa, da amsa-kuwwa, kamar daga ƙarƙashin ƙasa.

"Wanda kika ɗiba ɗazu, akwai nawa a ciki."

Matar ta ja da baya har ta bugi bango. "Likita," ta ce da raɗa, "wallahi ba muryarsa ba ce."

"Ki dawo mini da shi," in ji muryar.

Hannun ya sake ta, ya faɗi a kan katifa. Na'urar da ke kansa ta fara ƙara, bugun jininsa na sauka. Ko me ke cikin mutumin nan, jininsa na ƙarewa, kuma babu sauran lokacin jiran gwajin dacewa. Akwai leda ɗaya a firjin Kawu ta jinin da ke shiga jikin kowa. Ita za ta ɗauko.

Ta juya ga matar. "Yaya, kada ki daina addu'a. Kada kuma ki amsa masa."

Tana tsakiyar baranda aka ɗauke wuta.

Janareta bai tashi ba. Duhun magariba ya riga ya cika lungun. Takalminta na ƙwas ƙwas a kan siminti, a bayanta kuma akwai wani sauti. Ɗis. Ɗis. Kamar ruwa na ɗiga daga rigar mutum.

Ta tsaya, ya tsaya.

Ta tarar da Kawu a waje, ya jingina da bango.

"Kada ki shiga, 'yata."

"Me ya faru?"

"Saurara."

Injin juya jini ne ke gurnani a ciki. Babu wuta, amma yana juyawa.

Ta yi bisimilla, ta kunna fitilar waya, ta shiga. Ƙasan ɗakin a jiƙe yake. Ta nufi firji, ta buɗe, ta laluba ledar, ta rungume ta a ƙirji.

Injin ya tsaya cak.

Ƙofa ta rufe.

Ta ji ƙarar kwalba ta tsage. Sai warin nan ya taso, kusa, dab da kunnenta. Wani abu ya kama hannunta na hagu, ya miƙar da shi, ya juya shi sama, daidai yadda ita take yi wa marasa lafiya. Yatsa mai sanyi ya bi lanƙwasar gwiwar hannun yana neman jijiya.

Ya samu.

Zafi ya soke ta. Ta ji ana ja.

Hannun ya fara mutuwa tun daga yatsu. Wayar ta faɗi, haskenta ya kife. Can ta ji Kawu yana dukan ƙofa da kafaɗa, yana karatu da ƙarfi. Ƙofar ta ɓalle, ya fizgo ta da wuyan riga, suka zube a baranda tare.

Ledar na nan a hannunta na dama. Ta tashi ta ruga.

Da hannu ɗaya ta rataye jinin, nas ta jona. Ya shiga har ƙarshe. Mai rijiyar ya buɗe ido, ya kira matarsa da muryarsa ta gaskiya, ya tambaye ta ko yara sun ci abinci. Bai kai wayewar gari ba. Jinin da aka ɗiba dab da cikawarsa Kawu ya gwada shi: rukuni ɗaya, gishiri daidai, babu abin da za a nuna wa kowa.

Kawu ya nemi a mayar da shi aikin safe, aka mayar. Likita ta ci gaba da aikinta, sai dai hannun hagun bai ƙara yin ɗumi ba, ko da zazzaɓi take yi. Da ta zo haihuwar fari, nas-nas suka yi ta soka allura a jijiyar hannun hagun, ga ta nan a fili, shuɗiya, amma ko ɗigo bai fito ba. Ta bar su suka gaji don kansu, sannan ta miƙa musu na dama.