Bangon Bayan Murhu

Ranar da aka ba da hutun makaranta, Baba ya tsaya a tsakiyar kicin ya riƙe ƙugu. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa.

"Kicin ɗin nan ya gaji," in ji shi. "Mu da kanmu za mu gyara shi. Ba za mu kira kowa ba."

Gaskiyarsa ce. Bango ya yi baƙi. Kantar tukwane ta karkace. Famfo kuwa ɗiga yake yi ba hutawa.

Su huɗu ne a gidan. Akwai Baba da Mama da Yaya, sai ƙaramarsu da kowa ke kira Auta. Shekararta goma sha ɗaya. Yarinya ce mai ƙoƙari, amma in ta kafe a kan abu, sai dai kai ka gaji ka bari.

Baba ya raba aiki. Shi zai gyara famfo. Mama za ta sake kafa kanta. Yaya zai yi wa bango fenti.

"Ni fa?" in ji Auta.

"Ke za ki riƙa miƙo mana kaya," in ji Baba. "Guduma, ƙusa, ruwan sha."

Auta ta turo baki. "Ni dai ba zan wuni ina miƙo guduma ba. Bango huɗu ne a kicin ɗin nan. A ba ni ɗaya."

Yaya ya tuntsure da dariya. "Ke ɗin? Ke da ko gwangwanin fentin ba ki iya ɗagawa?"

"Baba, ka ji shi ko? To sai na yi!"

Ta nuna bangon da ke bayan murhu. Shi ake fara gani in an shigo. Shi ne kuma ya fi kowanne baƙi.

"Wancan nake so. Kuma ba na son fari. Rawaya zan shafa."

Baba ya dubi Mama. Mama ta yi murmushi kawai.

"To, na ba ki," in ji Baba. "Amma da sharaɗi. In ya yi kyau, bangonki ne. In kika ɓata shi, yayanki zai karɓa ya shafe shi da fari, ke kuma ki koma miƙo guduma. Kin yarda?"

"Na yarda," in ji Auta, ko tunani ba ta tsaya yi ba.

Washegari aka fitar da murhu da tukwane zuwa baranda. Aka shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa. Baba ya kawo fenti rawaya gwangwani ɗaya tak, ya ajiye a gaban Auta.

Mama ta kama yatsan Auta ta goga shi a jikin bangon. Yatsan ya fito baƙi, yana danƙo.

"Kin gani?" in ji Mama. "Shekara goma ina soye-soye a nan. Duk man da ya fantsama, a nan ya zauna. Fenti ba ya kama maiƙo. Ki wanke bangon da ruwan ɗumi da sabulu. Ki yi ta wankewa har ki goga farin tsumma ya fito tas. Ki bar shi ya bushe. Sannan ki taɓa burushi."

"Mama, ai fentin zai rufe komai."

"Zai rufe, amma ba zai zauna ba."

Auta ta ce to. Maganar dai ta bi ta bayan kunnenta.

Da hantsi Baba da Mama suka tafi sayo bututun famfo. Yaya na gefe yana dirzar nasa bangon, gumi na zuba. Auta ta ɗebo ruwan sanyi a bokiti. Ta tsoma soso, ta shafa sama-sama, ta shafa ƙasa-ƙasa. Kafin ka ce wani abu ta jefar da soson ta buɗe gwangwani.

"Ke! Har kin gama wankin?" in ji Yaya.

"Na gama."

"Ina farin tsumman da Mama ta ce?"

"Yaya, ka ji da naka bangon. Wannan nawa ne."

"Za ki yi kuka fa."

"Idona ne."

Yaya ya girgiza kai ya ci gaba da dirza. Auta ta hau kujera ta kama shafe-shafe. Ta lafta fentin da kauri, don baƙin ya ɓace da wuri. Kuma ya ɓace ɗin. Kafin su Baba su dawo, bango ya zama rawaya, sai sheƙi yake yi.

Baba ya tsaya a bakin ƙofa. "Kai! Auta, wannan aikinki ne?"

Bakin Auta har kunne. Ta kalli Yaya ta yi masa gwalo. Shi ko burushi bai taɓa ba tukuna.

Mama ba ta ce ya yi kyau ba, ba ta ce bai yi ba. Ta dai tambaya, "Kin wanke?"

"Na wanke," in ji Auta, tana kallon ƙasa.

Ta wanke ɗin kam. Amma ita da kanta ta san irin wankin da ta yi.

Kwana uku Auta tana cika baki. Duk wanda ya shigo gidan sai ta ja shi ya ga bangonta. Ta hana Yaya sakat. "Har yanzu ba ka gama ba? Ko in zo in koya maka?"

A rana ta huɗu aka mayar da murhu wurinsa. Mama ta ɗora tukunyar shinkafa. Ruwa ya tafasa, tururi ya tashi yana dukan bango.

Auta ce ta fara gani. Wani ɗan kumburi ya taso a jikin fentin. Sai wani kusa da shi. Sai wani babba.  Ta matsa ta tsaya a gaban wurin don kada Mama ta gani.

Mama ta buɗe tukunya za ta juya. Sai ga wani ɓawon fenti ya saki bango, ya faɗo cikin shinkafar, tsulum.



Mama ta kashe wuta. Ta sauke tukunyar. Abincin mutum huɗu ya tafi kwandon shara ke nan, don ba a cin abincin da fenti ya shiga.

Baba da Yaya suka shigo. Yaya ya kama bakin fentin da yatsa biyu ya ja. Fentin ya biyo hannunsa kamar ɓawon ayaba. A ƙarƙashi, tsohon baƙin maiƙon na nan, ko gezau bai yi ba.

Yaya bai yi dariya ba. Da ma ya yi, da ya fi wa Auta sauƙi.

"Sharaɗi dai sharaɗi ne," in ji Baba. Ya dubi Yaya. "Ɗauko farin fenti. Daga yau bangon nan naka ne."

Auta ta yi wuf ta sha gaban bangon. Ta buɗe hannuwanta biyu.

"Ba wanda zai taɓa shi!"

"Auta," in ji Baba, muryarsa ta sauya. "Matsa daga nan."

"Baba, ba zan matsa ba."

"Taurin kan nan ne ya zubar mana da abincin rana. Har yanzu bai ishe ki ba?"

Idon Auta ya cika da hawaye. Kunya ta kama ta, ga kuma haushin kanta. Amma ƙafarta ba ta motsa ba.

"Sau ɗaya na wanke," in ji ta. "Da ruwan sanyi. Ban goga tsumma ba. Yaya ya gaya mini, na ƙi ji. Mama ta tambaye ni, na ɓoye. Ku yi haƙuri. Amma ni na ɓata shi, Baba. Ni ya kamata in gyara. In Yaya ya gyara mini, me na koya?"

Baba ya sunkuya. Ya ɗaga gwangwanin rawaya ya girgiza. "Saura ƙasa da rabi. Kuma ba zan sayo wani ba."

"Baban yara," in ji Mama, "ka ba ta kwana uku. In ta shafa shi siriri, zai kai. Amma ba za ta buɗe gwangwanin nan ba sai na ce ta buɗe."

Baba ya dubi Auta. "Kin ji? In ya sake zubowa, ba sauran magana."

"Na ji."

A ranar, da burodi da shayi aka yi abincin rana. Ba wanda ya yi wa Auta gori. 

Aka sake fitar da murhu. Baba ya ba ta wani faffaɗan ƙarfe na kankare bango. Shafa fentin bai ɗauke ta awa biyu ba. Cire shi kuwa ya cinye mata wuni guda. Wani wurin ya zubo da kansa, wani wurin ya maƙale sai da ta yi ta kankara. Tafin hannunta ya yi ja, ya fara zafi.

"Kawo in taya ki," in ji Yaya.

"A'a."

"Ke dai ba kya sauyawa."

Can sama kusa da rufi, hannunta ya ƙi kaiwa ko da ta hau kujera. Ta yi ɗage, ta yi tsalle, a banza. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta juyo a hankali.

"Yaya, don Allah ka riƙe mini tsani."

"Me kika ce? Ban ji ba."

"Na ce don Allah!"

Ya kawo tsani ya riƙe gam, yana dariya ƙasa-ƙasa. Ita ta hau, ita ta kankare.

Washegari wanki. Mama ta ɗuma mata ruwa. Auta ta dirza bangon daga sama har ƙasa. Ruwan bokiti ya koma baƙi ƙirin. Ta zubar, ta sake ɗebowa, ta sake dirzawa. Sau uku ke nan.

"Mama, na gama!"

Mama ta zo da farin tsumma. Ta goga a tsakiya, ya fito tas. Ta goga a lungun da ke daidai bakin murhu. Ya fito da ɗan baƙi.

"Haba Mama! Wannan ɗan mitsitsin?"

 Mama ta miƙa mata tsumman kawai.

Auta ta sha mur. Ta kalli tsumman, ta kalli gwangwanin da ya rage saura kaɗan. Sai ta sunkuya ta ɗauki sosonta. Ta wanke na huɗu. Wannan karon ita ta fara goga tsumman kafin ta kira kowa.

Sai jiran bushewa. Wannan ya fi komai yi mata wuya. Ta zauna a bakin ƙofa ta zuba wa bango ido. Sau biyu hannunta na kaiwa kan murfin gwangwani, sau biyu tana janyewa.

A rana ta uku Mama ta shafa bangon da bayan hannu. "Buɗe," in ji ta.

Auta ta shafa siriri. Ta jira ya sha iska. Ta sake shafa siriri. Da ta kai lungu na ƙarshe, sai da ta karkata gwangwanin ta tsamo ɗan abin da ya rage a gindinsa. Ya kai, amma da ƙyar.

Da fentin ya bushe sarai, aka mayar da murhu. Mama ta ɗora babbar tukunya cike da ruwa zalla, ta bar ta a buɗe. Dukkansu suka tsaya suna kallo. Ruwa ya tafasa. Tururi ya lulluɓe bangon har ya fara naso.

Auta ta damƙe hannun Mama. 

Minti goma suka wuce. Ashirin suka wuce. Baba ya kashe wuta. Ya matsa ya karce bangon da farce. Ya sake karcewa a lungu. Ko ɗigo bai biyo shi ba.

"Auta," in ji shi, "bangonki ne."

Auta ta daka tsalle ta rungume Mama. Yaya ya ɗaga ta sama ya juya da ita, tana ihu a sauke ta.

"To, gaya mini," in ji Baba. "Me bangon nan ya koya miki?"

Auta ta dubi tafin hannunta, wanda har yanzu bai daina zafi ba.

"In aka tsallake aikin farko, na ƙarshe ba ya zama," in ji ta. "Kuma in wanda ya sani ya gaya mini abu, in tsaya in ji."

"Taurin kan fa?" in ji Yaya. "Kin daina?"

"Ban daina ba," in ji Auta. "Na dai gane inda ake amfani da shi."

Mama ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ai shi ke nan. Ki kafe a kan gyara kuskurenki, kada ki kafe a kan ƙin jin magana. Yanzu miƙo mini shinkafa. Yau a gaban bangonki za mu dafa, kuma yau za mu ci."