Ɓeran Da Ya Daina Iyo

"Ki rantse min, Raliya."

Raliya ta tsaya cak a bakin zaure, riƙe da kofin ruwan da ta kawo masa.

"In rantse a kan me?"

Abdulƙadiri ya kasa ɗago kai.

"Cewa ba ki taɓa zuba wa Inna komai a kunu ba."

Kofin ya suɓuce, ruwa ya malale a ƙasa.

"Ni? Abdul, ni kake yi wa wannan tambayar?"

"Rali, masoyiyata, ki tsaya ki ji..."

"Kar ka ƙara kira na masoyiya da bakin da ka tuhume ni!"

To, bari in ɗan koma da ku baya. Raliya karatun haɗa magunguna take yi a jami'a can Zariya, digiri na biyu. Bincikenta a kan wata saiwa ce da mutanen Kumbashi ke jiƙa wa mai baƙin cikin da ya ƙi wucewa. So take ta gano ko saiwar damuwa take yayewa da gaske, ko kuwa barci kawai take sa mutum. Da yake ba a fara gwaji a kan ɗan Adam, fararen ɓeraye ake ba wa, a zauna ana lura da halinsu. Da malamai suka shiga dogon yajin aiki a shekarar casa'in da biyu, aka rufe makaranta, babu mai ciyar da dabbobi, sai malaminta ya yarje mata ta taho da kejinta gida Kontagora.

Budurwa da fararen ɓeraye masu jan ido a ɗaki! Ai kafin ka ce me, unguwa ta ɗauka.

Ita kuwa Hajiya Iyatu, mahaifiyar Abdulƙadiri, tun da maigidanta ya rasu ta shige ɗaki. Ta gama takaba tuni, amma ba ta fito ba. Kullum tana kwance, fuska ga bango, ido a rufe, ba um ba um-um. Raliya don tausayi take aika mata kunun gyaɗa kowace safiya.

Sai ga Maiturare, 'yar Baffa Modibbo, ƙanin marigayin. Tun suna yara ake tsokanarta da matar Abdul, kowa ya manta da wasan, ita ta riƙe shi da gaske. Rannan ta je wajen Raliya da fara'arta kamar gaske, ta ga an yi wa ɓera allura ya ɓingire da barci. Ba ta ko tsaya shan ruwa ba ta koma gida ta haɗa zance.

"Baffa ya ce an fasa zuwa sa rana ranar Asabar," in ji Abdulƙadiri. "Wai kin kwantar da Inna ne don kada ta hana auren. In kin rantse, zan koma in roƙe shi..."

"Kai fa? Ka yarda?"

Ya yi shiru.

Shirun nan ya fi maganar ƙona mata rai. Wannan ne fa mutumin da ke bin kasuwa da babur yana nemo wa ɓerayenta dusa, yana cewa su ma surukansa ne!

Ta share hawaye da gefen mayafi.

"Ba zan rantse ba. Ka gaya wa Baffa gobe da hantsi ina tafe. Ni da ɓerayena."

Da Na'inna, mahaifiyarta, ta ji, sai ta dafe ƙirji.

"Kin haukace? Budurwa ta kai kanta gidan surukai da kejin ɓeraye? Ina kunyarki?"

"Mama, sunana ake ɓatawa. Sun ce ni mai sammu ce."

Na'inna ta yi faɗa har ta gaji. Amma da gari ya waye, ita ta riga Raliya yafa mayafi.

Tsakar gidan ya cika da matan dangi. Baffa Modibbo na zaune a kan buzu, carbi a hannu, fuska a murtuke. Maiturare ta harɗe hannu a bayansa. Abdulƙadiri na raɓe da bango kamar wanda aka kama da sata. Can gefe labulen ɗakin Hajiya Iyatu na sake, ko motsi babu.

Raliya ta durƙusa ta gaishe su. Da ƙyar aka amsa.

"Baba, na zo ne ku ga aikina da idonku."

"Muna kallo."

Ta ciro ɓera ɗaya ta wutsiya, mata suka ja da baya ana a'uziyya. Ta yi masa allura ta ajiye shi a faranti. Ya ɗan zazzaga, ya fara tangaɗi, sai ya kwanta. Ta juya shi rigingine, bai ko yi yunƙurin mirginowa ba.

"Wannan shi ne maganin barci," ta ce.

"Kun gani!" Maiturare ta daka tsalle. "Kun gani ko? Wallahi haka Inna take! Ga Raliya da bakinta ta faɗa!"

Gida ya kaure da salati. Wata tsohuwa ta tofar da yawu. Na'inna ta damƙi hannun 'yarta.

Baffa ya nuna ƙofa da carbi.

"Kwashe tarkacenki."

Raliya ta kai hannu kan kejin. Ta waiwayi Abdulƙadiri. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Baffa..." ya ce a hankali, sannan ya ɗaga murya. "Baffa, don Allah a bar ta ta gama!"

Tun da yake bai taɓa katse baffansa ba.

"Saura ɗaya, Baba," in ji Raliya. "Daga shi zan tafi."

Ta sa aka kawo bokiti mai zurfi da ruwa mai ɗumi. Ta ciro wani ɓeran.

"Wannan ban ba shi komai ba. Ku shaida."

Ta saka shi a ruwan.

Ɓera ya kama iyo haiƙan. Ya yi nan, ya yi can, yana yakushin jikin bokiti yana zamewa. Ya sake zagayawa. Mata suka matso ba su sani ba, har masu a'uziyyar. Ba ka jin komai sai facal-facal ɗin ruwa.

Can sai ya daina.

Ya saki jiki a saman ruwa, ɗan hancinsa kawai ya ɗaga, idanunsa a buɗe.

"Ya mutu?" Baffa ya tambaya.

"Bai mutu ba, Baba. Ba kuma barci yake ba. Ya nemi mafita ya rasa, sai ya daina nema." Ta nuna ɓeran. "Abin da muke aunawa ke nan. Maganin da ke yaye damuwa yakan sa ya ci gaba da ƙoƙari. Na san ɓera ba mutum ba ne. Amma ba duk wanda ya yi lamo ne aka ba wa maganin barci ba..."

"Surutun boko!" in ji Maiturare. "Baba, kar ka..."

"Ki fid da shi."

Muryar a dushe take, kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba.

Aka juya gaba ɗaya.

Hajiya Iyatu ce tsaye a bakin ƙofa, ta dafa bango, ta rame har zane na neman zame mata. Idonta na kan bokitin.

"Inna!" Abdulƙadiri ya yi wajenta da gudu.

"Ki fid da shi, 'yar nan. Ya gaji."

Raliya ta yi maza ta tsamo shi. Hajiya ta tako a hankali, ɗanta na tallafe da ita, ta zauna a tabarma ta miƙo hannu. Matar da a da ko inuwar ɓera ta gani sai an kwashe kayan ɗaki! Ta karɓe shi ta shiga goge shi da bakin mayafinta.

"Modibbo," ta ce, ba ta ɗago ba, "kunun yarinyar nan ban taɓa kai shi bakina ba."

"Amma kullum kwanon na fitowa wayam..."

"Tambayi 'yarka. Ita ke shigo da shi, ita ke shanye shi a bayan ƙofa. Ina jin ƙarar ludayi." Ta dubi Maiturare. "Kin taɓa ɓingirewa?"

Tirƙashi! Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta yi saurin toshe baki. Maiturare ta daburce, sai ta ja mayafi ta yi zaure, takalmi ɗaya a ƙafa.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Hawaye ne ke bin kumatunta.

"Rabona da barcin kirki tun ranar da aka fita da gawar Malam. Ido kawai nake rufewa don ku ƙyale ni. Duk wanda ya shigo, 'Iyatu, ki yi tawakkali.' Na yi! Wallahi na yi! Amma abin bai sake ni ba. Na ji kunyar in faɗa, kada a ce imanina ne ya yi rauni... sai na daina."

Baffa Modibbo ya sunkuyar da kai. Shi ya fi kowa faɗa mata hakan.

Raliya ta rarrafa ta durƙusa a gabanta.

"Inna, ciwo ne kamar kowane ciwo, ba raunin imani ba ne. Ni ba likita ba ce. Saiwar da nake bincike ma ban gama sanin gaskiyarta ba, ba zan ba ki ba. Amma akwai likitocin da aikinsu ke nan. Ki yarda a kai ki."

Hajiya ta dube ta, ta gyaɗa kai.

Baffa ya yi gyaran murya ya dubi Na'inna.

"Mun zalunci 'yarki. Ku yafe mana. Asabar tana nan, in kun amince."

A zaure Abdulƙadiri ya tare ta, tana rungume da keji.

"Rali..."

"Matsa min."

"Ba zan matsa ba. Tsoro ne ya rufe min ido. Ina kallon Inna na tafiya, na rasa abin kamawa, sai na kama mafi muni. Ki hukunta ni yadda kike so, hasken idona, amma kar ki bar ni!"

"Ka san yadda na ji da ka yi shirun nan?"

"Na sani. Har in mutu ba zan manta ba."

Ta so ta ƙara ja masa rai, wallahi ta so. Amma ta tuna muryarsa lokacin da ya katse Baffa. Ta tura masa kejin a ƙirji.

"Riƙe surukanka. Sun yi min nauyi."

Ya yi dariya, hawaye na zuba.

Ba a rana ɗaya Hajiya ta warke ba. An yi ta zirga-zirgar asibiti, wata rana ta fito, wata rana ta koma ɗaki. Amma ranar ɗaurin aure da kanta ta zauna a tsakar gida tana karɓar barka.

Da aka janye yajin aiki, Raliya ta haɗa kejinta za ta koma Zariya, ta je karɓar ɓeran da ke ɗakin surukarta. Ta same shi ya yi ɓul-ɓul, Hajiya na ba shi gyaɗa da hannunta.

"Inna, cikin na bincike yake..."

Hajiya Iyatu ta jawo ɗan kejin kusa da ƙafarta.

"Ki nemi wani, 'yata. Wannan ba zai sake shiga ruwa ba."