Inuwar Gandaro

A can wata duniya mai rana biyu, ba a taɓa ganin bishiya ba. Inuwa sai ta Gandaro, wani ƙaton dabba mai ƙafa shida, tsayinsa kamar dutse.

Ran nan ya zo yana ɗingishi. Manoma suka sha inuwa, suka watse. Delu kuwa ta hango guntun ƙarfen jirgin sama jannati a ƙafarsa, ga shukarta can tana yaushi.

Yayarta ta ce, "Delu, taho! Zai taka ki!"

"Yaya, kullum fa inuwarsa muke sha."

Ta ajiye tulu, ta ja, ta ja, har ƙarfen ya fita. Gandaro ya bi ta gona, ya tsaya gefe, inuwarsa ta rufe shukar duka.

Delu ta shafa ƙafarsa, ta ce, "Sannu, babba. Na gode."