Guguwa a Gaban Gyado

Ana idar da sallar asuba Nomau ya rataya bindigarsa ta toka, ya soke barandami a ɗamara, ya yi kira sau ɗaya. Karyarsa Guguwa ta fito ta jera da shi kamar an ɗaure ta da zare. Ranar ce maharban garinsu da na ƙetaren rafi za su kara, kuma ƙa'idar tsohuwa ce: karen da ya fara tsayar da gyadon da ke ɓarnar rogo, garinsu ne ya ci. Sarkin Baka, tsoho Jatau, ya sa Guguwa a gaba, ya mayar da nasa karen Duna, mai yagaggen kunne, can baya.

Kowa ya ga Guguwa a filin gwaji. Fito ɗaya ta kwanta, biyu ta zabura, zomo bai taɓa kaiwa gindin sabara ba. Abin da ba a sani ba, tun tana kwikwiya ko tsawa aka yi sai ta saki fitsari. Wata bakwai Nomau ya yi yana rufe wannan. Ya koya mata duk abin da ya firgita ta, ta dawo ta zauna a ƙafarsa, ya dafa wuyanta. A fili mutane suka ga ladabi, shi ma gogan naka har ya fara yarda.

Hantsi ya ɗaga suka sami sawu a bakin fadama, kofato biyu sun nutse a laka, ga ƙasa an tone ta ɗanya shar. Warin dabbar ya cika geza. Tsuntsaye suka yi tsit. Nomau ya dubi Guguwa, ya ga cinyarta ta baya tana rawa.

“Sake ta mana, Nomau,” in ji Jatau a hankali. “Ga karnukan ƙetare can sun taso.”

“To, Baba.”

Ya yi fito biyu. Ta shige gezar kamar kibiya. Aka ji gurnani, rassa suka kakkarye, sai ga Guguwa ta ɓullo a guje, wutsiya a matse. Ta nufo shi kai tsaye, ta zauna a ƙafarsa daram, ta ɗaga kai tana jiran hannunsa. Gyadon na biye da ita, haurensa biyu a waje, laka na tashi.

Ya ɗaga bindiga, karyar ta harɗe masa gwiwa, harbin ya tafi sama. Haure ya tsarge masa cinya, ya faɗi ta baya cikin ƙaya. Dabbar ta juya za ta sake dawowa. Nan tsohon Duna, wanda ko zama bai iya ba in an ce ya zauna, ya cafki ƙafarta ta baya ya ƙi saki, tana jan sa a ƙasa, har Jatau ya iso ya sauke mata barandami a wuya.

Aka ɗaure wa Nomau cinyar da rawani, aka ɗauko shi a kan itace biyu. Guguwa na tafe a gefensa, taku ɗaya da masu ɗaukar. Maharban ƙetare suka yi ta kallonta.

“Kai, wannan karya akwai amana,” in ji ɗayansu. “Ko gyado bai raba ta da ubangidanta ba. In ta haihu, a ajiye mini ɗaya.”

Nomau ya ji kunya ta fi ciwon zafi. Da ya yi shiru, da maganar ta zauna haka. Amma ya tuna wani zai shiga geza da 'ya'yanta.

“Kada ka karɓa, ɗan'uwa,” ya ce. “Ba amana ba ce, tsoro ne. Ban cire mata shi ba, sai na koya mata inda za ta kawo shi.”