Baƙuwar Gado Na Huɗu

Cikin mako guda zazzaɓi ya bi gadaje uku a jere, a ɗakin masu ciwo mai tsanani na wani asibiti a Jega. Ƙwayar cuta ta shiga jinin majinyatan, biyu suka rasu. Raihanatu, nas ɗin ɗakin, ta yi ta wanke hannu har fatarta ta tsage.

Ranar Laraba da magariba, abokan aikinta sun fita salla, sai ta ga wata tsohuwa a bakin gado na huɗu, inda Ubaidullah, wani manomin albasa daga Aliero, yake kwance. Tana shafa robar ƙarin ruwansa da ɗan yatsa. Ƙofar kuwa ba ta yi ƙarar da ta saba ba.

"Inna, wa ya bar ki kinka shigo? Taho ki wanke hannu, ki jira waje."

Tsohuwar ta biyo ta ba musu, tana warin tsohon miki. Raihanatu ta buɗe mata famfo. Ruwan na taɓa tafin hannun tsohuwar ya yi cuu, kamar an zuba a kasko mai zafi, tururi ya tashi.

Raihanatu ta fara addu'ar neman tsari.

"Ɗiyata, kwana ukku kina hana ni shi," in ji tsohuwar a hankali. "To, na bar miki shi."

Ta kama wuyan hannun Raihanatu. Zafin ya fara hawa, ya nufi kafaɗa.