Motar da Ta Riga Lokacinta

Sunansa dai teburin cin abinci, amma tun da Auta ta shigo gidan ya koma gareji. A kansa take baje hantsaki da ƙananan sukurdireba da ƙarfen dalma, ta duƙufa kan motar da ba ta wuce tsawon tafin hannu ba. Da yammacin wannan Asabar ɗin ma haka mijinta ya same ta, tana gyara tayoyin soso da samfefa, shayinta ya huce a gefe.

"Injiniya! Ki bar ta ta huta mana, ai ta yi ƙoƙari yau."

"Kai ne ka yi ƙoƙari, Yallaɓai. Ita ba ta gajiya."

"Gobe fa faynal, wasan ƙarshe, kuma ni da Yayanki. Gaya min gaskiya, wa za ki tafa wa?"

"Wanda ya ci," ta ce tana dariya, ba ta ko ɗaga kai ba.

A kulob ɗin tseren ƙananan motoci Kunama ake ce masa, saboda saurin yatsansa a kan kunamar rimot. Can suka haɗu. Yayanta ne ya koya mata haɗa injin tun tana yarinya, shi kuwa Kunama ya zo neman mai gyara masa mota, ya tafi da mai gyaran gaba ɗaya.

Wasan nasu yana da wata doka da baƙo ba ya ganewa da wuri. Hanya ce doguwa ta katako, miƙaƙƙiya, mai tsagi biyu, kowace mota na bin nata tsagin da wutar lantarki. Kafin a tashi, kowane direba zai faɗi lokacin da motarsa za ta yi ta kai ƙarshe, a rubuta a allo. Mai jinkiri a sake shi da wuri, mai sauri ya biyo baya. Wanda kuwa motarsa ta yi gudu fiye da abin da ya faɗa, ya faɗi ke nan, ko da shi ya fara isa. Don haka Auta ba ta neman gudu. Wata da watanni ta kwashe tana lallashin wannan injin, ta sassauta nan, ta danne can, har ya zama yau da gobe da jibi gudunsa ɗaya ne.

Suna cikin raha aka yi gyaran murya a ƙofa. Baba ne, mahaifin Kunama, tsohon makaniken manyan motoci, wanda garejinsa ke gaban gidan. Tun da ɗansa ya ƙi gadon gareji ya kama aikin ofis, magana tsakaninsu ba ta wuce gaisuwa.

"Sannu da zuwa, Baba," Auta ta miƙe ta russuna.

Ya wuce ta zuwa teburin. Ya ɗauki motar da yatsu biyu, ya juya ta, ya taɓe baki.

"Ke yarinya, wannan injin ai a shaƙe yake. Haka aka koya miki?"

"Da gangan ne, Baba. A wannan wasan ba gudu ake…"

"Ni za ki koya wa injin? Kafin a haifi ubanki nake kwana a ƙarƙashin mota!" Ya ajiye ta ya dubi ɗansa. "Ƙato da kai, mace ta zaunar da kai kana wasan yara."

Ya fita. Farin cikin nan na Kunama duk ya zube. Auta ta dafa kafaɗarsa, ta san ba yau ne farau ba, kuma ta san duk kofunan da ya jera a kan kabad, mutum ɗaya yake so ya kalle su.

Washegari da safe ta gwada motar, ta rufe ta a akwatinta, ta fita kasuwa. Ranar faynal ba a gwaji a kulob, daga akwati sai kan hanya.

Zauren ya cika. Ana daf da farawa sai ga Baba a bakin ƙofa, ya sa kayansa na fita unguwa, ya wanke hannuwa har sun yi fari, Inna matarsa na biye da shi. Kunama ya riƙe hannun Auta ya matse.

"Kin gani? Ya zo! Wallahi ya zo!"

Auta ta ji ƙwalla ta cika mata ido don murna.

Aka rubuta lokuta a allo. Fitilu suka sauko ɗaya bayan ɗaya, kore ta kama, yatsan Kunama ya danna. Tun daga ƙarar tashin motar gaban Auta ya faɗi. Wannan ba kukan injinta ba ne. Motar ta tsaga hanya kamar an harba ta, ta bar ta Yaya a baya nesa, sai ga jar fitila ta kama a layin Kunama, alamar ta riga lokacin da ya faɗa. Zauren ya yi tsit.

Mutum ɗaya ne ya miƙe yana tafi.

"Ya ci! Ɗana ya ci! Kun ga gudu?"

Wani ya jawo Baba gefe yana masa bayani a kunne. Auta na kallo hannuwan tsohon suka tsaya a sama, sannan suka sauko a hankali. Ta ruga ta ɗauko motar, ta kifa ta a tafinta. An matse sifirin da ke danna burushin injin, an goge cikinsa har yana ƙyalli, ga ɗigon mai a bakin ƙarfen taya. Ta kai hanci. Man giyar manyan motoci ne, warin da take gaisawa da shi kowace safiya a garejin gaban gida. Aikin kuwa tsaf, na hannun da ya san injin. Ta ɗaga ido, suka haɗa ido da Baba. Ya sunkuyar da kai.

Ko takalmi ba su cire ba a gida Inna ta fara.

"Ai ni na faɗa tun farko! Wa ke taɓa motar in ba ita ba? Wa ya ɗauki kofi in ba ɗan uwanta ba? Jini ai ba wasa ba ne. Ta kunyata ka gaban ubanka, ranar da ya taka ya je!"

Auta ba ta damu da Inna ba, ta saba. Mijinta take kallo, tana jira ya yi dariya ya ce haba Inna. Bai yi ba.

"Ke kaɗai kike buɗe akwatin nan," ya ce a sanyaye.

"Ni kaɗai nake da izinin buɗewa."

"To me ya faru? Mota ba ta ƙara wa kanta gudu. Jiya na tambaye ki wa za ki tafa wa, kika ce wanda ya ci. Ashe kin riga kin san shi!"

"Yallaɓai… ni kake faɗa wa haka?"

"Ki rantse ba ki san wanda ya taɓa ta ba!"

Nan ne ya kama ta, don ta sani. Baba na zaune a kujerar kusa da ƙofa, yana murza tafin hannunsa. Kalma ɗaya ta isa. Amma ta tuna yadda mijinta ya matse mata hannu ɗazu yana cewa ya zo. In ta faɗa, uba da ɗa sun rabu ke nan har abada, kuma a ce surukar gida ce ta raba su. Ta ba tsohon lokaci ya buɗe baki da kansa. Ya ci gaba da murza hannu.

"Ba ni na taɓa ta ba," ta ce. "Iyakar abin da zan faɗa ke nan."

"Ka ji ko? Ta kasa rantsuwa!" in ji Inna.

Kunama ya juya mata baya. "Ki je ki taya Yayanki murna. In na neme ki, kya dawo."

Ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta tattara hantsakinta da ƙarfen dalmarta a jaka, ta durƙusa ta yi wa Baba sallama kamar kullum. Sai da ta shiga tasi kukan ya ƙwace mata, har direban ya rage rediyo.

Gidan Yaya ta sauka, da ya ji labari ya yi tsalle ya dire.

"Ni zai zarga da cin kofin sata? Ke kuma ya kore ki a kan motar roba? Yanzun nan zan je in jefa masa kofinsa a fuska! Ke ai kin san wanda ya yi, na gani a idonki. Faɗa min!"

"Yaya, don Allah ka bari."

"Ki bari a ɓata miki suna? Wannan ba haƙuri ba ne, wauta ce!"

Wataƙila wautar ce. Ita ma takan faɗa wa kanta haka in ta ga matan kulob sun daina kiranta a waya, ko ta ji an ce masu kawo gyara sun koma wurin wani. Abin da ya fi ci mata rai ba sunan ba ne. Shekarun da ta yi tana ƙona yatsu da dalma don mutumin nan, ashe ba su kai nauyin magana ɗaya ta Inna ba. Ta rame, ta daina taɓa kayan aikinta. Kullum wayarta na kusa da ita, kuma tana jin haushin kanta a kan haka.

Makonni suka shuɗe kafin wata rana da hantsi a ƙwanƙwasa ƙofa. Baba ne, da kayan aikinsa masu baƙin mai, Kunama na bayansa ido jawur. Yaya ya tare ƙofa, sai da Auta ta roƙe shi ya matsa.

Tsohon ya ƙi zama a kujera, ya zauna a ƙasa.

"Ni ne," ya ce. "Na faɗa masa yau. Ranar Asabar ɗin nan, ana gobe faynal, na laɓe a ƙofar zauren kulob ɗinku na leƙa. Na ga ana sakin motar ɗana kafin ta Yayanki, kamar yaron da ake tausaya wa. Raina ya ɓaci. Na ce yarinyar nan ta ba ɗan uwanta injin mai kyau ta shaƙe na ɗana. Da kika fita kasuwa na buɗe akwatin. Na so sau ɗaya a rayuwata in yi wa yaron nan abin da zai ji daɗi." Ya ɗago ya dubi Auta. "Kin so ki yi min bayani, na katse ki. Kin gane ni a zauren, kika rufa min asiri, ni kuma na zauna ina kallo aka kore ki. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ki yafe min, 'yata."

Bai taɓa kiranta haka ba. Auta ta durƙusa gabansa tana hawaye.

"Na yafe, Baba. Tashi don Allah, kada ka sa ni kunya."

Kunama ya matso. "Injiniya, ni ma… sori, wallahi sori. Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Da na faɗa, da ka yarda?"

Ya kawar da ido.

"Kuma da ka yarda, da yau kana da uba?" Ta share ido ta dube shi sosai. "Baba bai san wasan ba, bai san ni ba. Kuskurensa na wanda bai sani ba ne. Kai fa? Kai ka san wasan, ka san ni. Wane daren ne na kwanta motarka ba ta shirya ba? Amma aka ce maka na sayar da kai, ba ka ko nemi shaida ba."

"Na yi laifi. Ki dawo gida, ki yi min duk hukuncin da kika ga dama."

Ta koma. Haƙurinta bai tafi a banza ba: Baba da kansa ya je kulob ya tsaya gaban jama'a ya wanke ta, Inna ta kama bakinta, uba da ɗa kuma suka fara zama su yi hira kamar mutane. Mai haƙuri yakan samu gaskiyarsa ta fito, ko ta daɗe. Sai dai masu aure su sani, zargi ba ya fita da ban haƙuri kamar yadda ya shiga da magana ɗaya. Duk wanda zai tuhumi na kusa da shi, ya fara tambayar kansa me ya sani game da shi tun kafin yau.

Da sabuwar gasa ta matso, Kunama ya kawo akwatin ya ajiye gabanta, ya ɗauki makullinsa zai fita.

"Ina za ka?" ta tambaya.

"Zan ba ki wuri ki yi aikinki."

"Jawo kujera ka zauna."

"Haba Injiniya, ai na yarda da ke!"

"Na ji. Amma ba zan ƙara buɗe motarka a bayan idonka ba."

Ya tsaya yana kallonta, yana jira ta yi murmushi. Ba ta yi ba. Ya ajiye makullin, ya jawo kujera ya zauna, sannan ta buɗe akwatin.