Ragowar Yadi

Anti Talatu ta kama gefen rigar Ma'u da yatsu biyu, kamar wadda ta tsinci tsumma, ta juya yarinyar gaban matan da suka cika tsakar gidan sunan.

"Ku duba min nan. Atamfata ce ko ba ita ba ce?"

Zulaihat, uwar yarinyar, ta taso da sauri. Ma'u kuwa, 'yar shekara biyu, dariya take tana juyi, ta ɗauka yabon kwalliyarta ake yi.

"Shi ya sa na ga zanina ya ɗage," in ji Anti Talatu tana yatsina fuska. "Ashe an yanki rabon marainiya."

Zulaihat tela ce, a gida take ɗinki a Sharada, bayan kamfanin robobi. Tun da mijinta ya rasu ya bar ta da Ma'u tana wata uku, keken ɗinkin nan ne cinta da shanta. Abin da ta yi suna a kai shi ne ɗinkin uwa da 'ya iri ɗaya, na biki ko na salla, kuma ko maƙiyinta ba zai ce hannunta bai faɗa ba. Wata takwas ke nan Umar, ma'aikacin wata masaƙa a Bompai, yake zuwa zance wurinta. Mutum mai sanyin murya da zaƙin baki, kullum alkawari ɗaya: zai gabatar da ita a gida, lokaci kawai yake jira.

Anti Talatu yayarsa ce, matar wani ɗan kwangila a Hotoro, irin matan nan da ke amsa gaisuwa da hanci. Da ƙanwarsu ta haihu aka fitar da anko, ita ta kawo wa Zulaihat turmi guda a ɗinka mata da 'yarta Badi'a. Ba don ƙauna ba, zuwa ta yi ta ga bazawarar da ta ɗauke wa ƙaninta hankali. Ta tsaya bakin ƙofa ta ƙi zama, ta auna atamfar da kamun hannu har sau biyu, tana cewa ta san halin teloli. Zulaihat ta haɗiye. Ta yi ɗinkin, ta tattara ragowar yadin har da ƙyallayen da ba su kai tafin hannu ba, ta ƙulle a leda ta mayar mata.

Sai ga Umar da yamma da wani turmin, irin ankon sak. Ya ce ta ɗinka musu ita da Ma'u su zo sunan, ai duk wanda ya gan su cikin ankon dangi ya san an zama ɗaya, ba sai an yi dogon bayani ba. Wayyo, daɗin da ta ji ranar! Kwana biyu ta yi kan rigar Ma'u kaɗai, hawa uku da tattara, ta sa mata shafi mai laushi don kada ɗinkin ya ci mata jiki.

Ga inda kwalliyar ta kawo su.

Zulaihat ta janye 'yarta, ta ce cikin ladabi ba atamfar Anti ba ce, Umar ne ya kawo musu tasu, kuma turmi ɗaya ba zai tufatar da mutum huɗu ba, duk mai ɗaura zani ta sani. Wasu matan suka fara gyaɗa kai. Ana haka sai ga shi ya shigo da katan ɗin lemo a kafaɗa.

Zuciyarta ta yi fari. Ga mai gaskiyarta ya zo.

"Kai Umar," Anti Talatu ta ce, "wai kai ka ba wa matar nan ankon gidanmu?"

Ya dubi yayarsa. Ya dubi iyayensa mata da ke jere kan tabarma. Ya sauke katan ɗin a hankali, ya gyara masa zama, kamar lemon ne abin da ya fi damun kowa a wurin.

"Yaya... don Allah ki yi haƙuri. A bar maganar."

Shi ke nan, ya gama da ita. Wa ake ba wa haƙuri in ba wanda aka cuta ba? A madadin wa ake bayarwa in ba mai laifi ba? Matan da suka gyaɗa kai ɗazu suka kawar da fuska. Wata tsohuwa ta ce Allah ya shirya, wata ta jawo jakarta kusa da cinyarta. Zulaihat ta goya Ma'u ta fita, ba ta yarda hawaye ya zubo ba sai da ta shiga adaidaita.

Kafin kwana biyu labari ya iso Sharada. Mata biyu suka zo karɓar kayansu ba a ɗinka ba, ɗayar har da ware atamfar ta auna a gabanta.

Rana ta uku, bayan la'asar, Umar ya yi sallama. Ta fito soro da zare a jikin hijabinta, ta tsaya nesa da shi. Ya fara da su rabin raina, da Zulaina, da wallahi bai runtsa ba tun ranar. Ya ce ita ba ta san Yaya ba ne, in aka ƙaryata ta cikin mutane sai ta tayar da gidan gaba ɗaya, shi kuma zaman lafiya ya duba. Idan aka ɗaura aure ai duk wannan zai wuce.

Ta tsaya tana kallonsa. Ƙato har ƙato, ga gemu an gyara, ga turare. Wai wannan ne ta kwana biyu tana ɗinki don ta shiga danginsa. Son da take masa bai mutu ba, shi ne ma abin da ya fi ba ta haushi.

"Wucewa zai yi? Ma'u ta tashi a gidanku ana nuna ta, ana ga 'yar mai yankan yadi?"

"Haba masoyiyata..."

"Abu ɗaya nake so. Kira Anti Talatu a waya yanzu, ka buɗe muryar. Ka ce kai ka kawo min atamfar. Ka faɗa, gobe ma a ɗaura."

Ya zaro wayar. Ya lalubo sunan, tana gani. Babban yatsansa ya tsaya a kai, ya yi ta tsayuwa.

"Kin san yanzu tana da baƙi... bari zuwa jibi, in ta huce."

Zulaihat ta yi murmushi, irin wanda ake yi wa yaron da ya yi fitsarin kwance ya ce ruwa ne ya zube.

"To Umar, ka yi haƙuri."

Ya ɗago da sauri, fuskarsa ta washe. "Kin yafe min?"

"A'a. Ni nawa haƙurin na mai laifi ne. Ni na ɗauke ka namiji."

Ta shiga gida ta saka sakata. Yana nan tsaye a soro da waya a hannu ya ji keken ɗinkin ya tashi.